Ya Ƙera Mini Firam, Ni Kuwa a Cinya Nake Ɗinki a Ɓoye

Anti, barka da aiki. Don Allah ki agaza mini da shawara cikin gaggawa. Na shara wata ƙarya a cikin gidana, ga shi tana neman fin ƙarfina. Kada ki sa sunana, matan layinmu duk suna bin shafin nan.

Shekarata hamsin da shida, kuma tun ina budurwa nake ɗinkin bargo da hannu, irin na ƙyallaye. Za ki harhaɗa guntaye su zama fuska, ki shimfiɗa auduga a tsakiya, ki sa shafi a ƙasa, sannan ki bi da allura har ukun su kama juna. A ƙasa nake zama, in miƙe ƙafa, in jingina da bango, bargon a cinyata. Shekara da shekaru babu abin da ya dame ni, sai bara bayana ya fara kawo ƙara. In na yi zaman awa guda, wajen tashi sai na kama ƙofa ina nishi.

Baban yara kuwa aikin kujeru ne sana'arsa, kushin da katifa, shekara talatin da biyu. Mutum ne da in muka je gidan mutane, kafin a gama gaisawa ya tura babban yatsa cikin kujerarsu ya ji soson, ni kuma in ta harararsa. Shekara biyu ke nan da ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun ne ya dawo rabi. Shago ya koma hannun ƙaninsa. Shi kuma ya koma bakin taga, daga safe har yamma yana kallon motoci. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, a ba shi abinci ya ci, a ce ya sha magani ya sha. Wallahi shirun nan ya fi ciwon ci mini rai. Akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin gado, ya hana kowa taɓawa, shi ma bai ƙara buɗewa ba.

To, wata biyu da suka wuce ina cikin ɗinka bargon jikanmu na fari, domin 'yarmu na da juna biyu. Na zo tashi na kasa, sai da na yi rarrafe zuwa ƙofa. Ashe yana kallona. Washegari na dawo daga kasuwa na tarar ya jawo tsohon gadon 'yar tamu daga ɗakin ajiya, ya warware shi a tsakar gida, ga akwatin nan a buɗe. Na tambaye shi me za a yi, ya ce in je in ajiye cefanena.

Kwana goma sha biyu ya yi a kan abin nan. Ya danne katako da gwiwa da rarraunan hannun, ya ja zarto da hagu, ya huta, ya sake ja. Dogayen katakon gefen gado biyu su ne tsawo, gajeru biyu su ne faɗi. Ya huda kusurwoyin ya ɗaure da noti mai kunne, irin wanda ake murzawa da yatsa. Ƙafafun gadon ya ƙara musu tsayi, sai da ya zaunar da ni a kujera ya auna ni da tef kamar tela. Ya goge ko'ina da samfefa har ba inda zai kama zare. Noti huɗu da ƙullin ƙananan ƙusoshi kawai ya saya, sauran duk na gida ne. Ashe firam ya ƙera mini, wanda zan ɗora bargo a kai in yi ɗinki ina zaune a kujera. Anti, abin gwanin kyau. Na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska na fito.

Ga inda matsalar take. Shi ya ɗora mini bargon da kansa, kuma irin ɗorin masu kujera ya yi. A sana'arsu ƙyalle ya saki abin kunya ne. Ya ja shi ta nan, ya ja ta can, ya bi gefen da ƙusa, kowace tazarar yatsa biyu, har bargon ya ɗame kamar fatar ganga. Ɗinkinmu kuwa sai da saki. Hannun hagu na ƙasa yana turo ƙyallen sama ya yi ɗan tudu, allura ta nutsa ta fito, ta nutsa ta fito, ki ɗauki ɗinki uku ko huɗu a ja ɗaya. A ɗamammen ƙyalle allura in ta nutsa ba ta juyowa. Sannan tunda ƙusa ce ta riƙe ko'ina, babu halin naɗe inda aka gama, tsakiyar bargon kuma hannuna ba ya kaiwa.

Na zauna na soka allura, nan take na gane. Shi kuma yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa, yana jira. Na ce masa ya yi, ya yi sosai, ban taɓa jin daɗin ɗinki irin na yau ba. Sai ya ɗaga hannun nan nasa ya juya shi yana dubawa, ya ce, "Ashe da sauransa."

Ki faɗa mini, bayan wannan wace mace ce za ta buɗe baki ta ce firam bai yi ba?

Shi ke nan na shiga aikin ɓoye. Litinin da Laraba da Juma'a ƙaninsa kan kai shi asibiti motsa hannu, daga can ya zauna a shago sai yamma. Suna fita zan ɗauko tsohuwar wuƙa in ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, in sauke bargon, in koma ƙasa jikin bangona in yi ta ɗinki kamar ana kora ta. Kafin su dawo in mayar, in ja iya ƙarfina, in buga ƙusa. Ranakun da yake gida kuwa sai in zauna a firam in yi ta wasan kwaikwayo, in soka ta sama, in laluba in soko ta ƙasa, ɗinki karkatacce wanda gobe zan warware. Allura huɗu na karya. Yatsana ya kumbura. Bayana, wanda dominsa aka yi abin, ciwonsa ya fi na da, ga ja ga bugu ga zaman ƙasa, kuma ba ni da bakin cewa wash a gabansa. Shi kuwa duk yamma zai zo ya auna inda na kai da tef, ya ce kin ga aikin firam.

Da a nan abin ya tsaya da na daure har in gama bargon in huta. To, makon jiya mata uku na layinmu masu irin ɗinkina suka shigo gaishe shi. Ya kai su gaban firam yana bayani, su kuma suka ga ɗinki ya yi nisa, suka yi ta santi. Kafin in fito da ruwa har ya amsa zai ƙera wa kowacce nata. Jiya ƙaninsa ya kawo katako. Yau da safe na ji shi yana yin fito da bakinsa a tsakar gida, rabon da in ji wannan tun kafin ya faɗi. Kuma cikin matan nan akwai wadda bakinta ba ya da linzami. Allura ɗaya za ta soka ta ɗauko firam ɗin a ka ta dawo da shi, duk layi na ji.

In na faɗa masa, tsorona kada ya rufe akwatin nan ya koma bakin taga, kuma wannan karon ni ce na mayar da shi. In na yi shiru, a waje za a faɗa masa. Na yi tunanin in bi matan a ɓoye in roƙe su su ce sun fasa, ko su karɓa su yaba su ajiye. Ina son mutumin nan, Anti, ina son sa fiye da ranar da aka kawo ni gidansa. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Kumburarren Yatsa

'Yar'uwa Mai Kumburarren Yatsa,

Na yi dariya wajen wuƙa da ƙusa. Ban ga laifin amsar da kika ba shi ranar farko ba. Mutum ya yi shekara biyu a zaune, ya miƙe dominki, yana tsaye a bayanki yana jira, ni ma abin da zan ce ke nan. Amma tausayin rana ɗaya ne ya kamata ya zama, ke kuma kin mayar da shi aikin wata biyu.

Batun bin matan nan a ɓoye, ki cire shi daga ranki yau ɗin nan. Sirrin da ke tsakaninki da firam zai koma bakin mata uku, kuma ke da kanki kin ce ɗaya ba ta da linzami. Ranar da ya ji cewa duk layi sun haɗa baki suna lallaɓa shi, wannan ce za ta karya shi, ba ƙusa ba.

Ki duba ta ɓangarensa. Shekara biyu kowa na yi masa sannu. Likita sannu, ƙani sannu, ke sannu. Duk abin da ya yi a ce ya yi ƙoƙari. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu masu kujera suna dawo masa da aiki suna cewa nan ya lotsa, can ya karkace, yana gyarawa, ba baƙon gyara ba ne. Kin ɗauke shi majinyaci, alhali da firam ɗin nan cewa yake yi a koma ɗaukarsa mai sana'a. Kuma ki lura, hannunsa bai yi kuskure ba. Awo daidai, kusurwa daidai, tsayi daidai. Abin da ya rasa sani ne na sana'arki, wanda ke kaɗai ce a gidan kike da shi, kika kuma ɓoye masa.

Ga abin da za ki yi, kuma kafin zarto ya taɓa sabon katakon nan. Ki zaunar da shi a kujerar, ku biyu kaɗai. Ki ba shi allura ya gwada ɗaukar ɗinki uku a ja ɗaya. Sannan ki miƙa masa wani ƙyalle sakakke ya gwada. Yatsunsa za su gane kafin ki gama bayani. Daga nan ki faɗa masa sauran, har da wuƙar, har da zaman ƙasa, ki nuna masa yatsan. Kada ki rage komai, domin ramukan ƙusa na nan a gefen shafi, kuma idon mai kujera ba zai daɗe bai ƙirga su ba. Ki ba shi haƙuri sau ɗaya, ki faɗi dalilinki, kada ki yi ta nanatawa.

Kada kuma ki tashi daga wurin ba ki ba shi aiki ba. Gyaran na yini ɗaya ne. A cire ƙusa daga jikin bargo gaba ɗaya. A samo ƙyalle mai ƙarfi, ko ƙafar tsohon wando ce, a yanka shi dogo mai faɗin tafin hannu, a buga shi a jikin dogayen katakon biyu. A nan ya ja son ransa, ya buga ƙusa son ransa. Bargon kuma a jikin wannan ƙyallen za ki kama shi da fil ko da dogon ɗinki. Gajerun katakon ya jera musu huda da yawa, yadda in kin gama inda hannunki ke kaiwa za a kwance noti, a naɗe bargon a jikin dogon katako, a matso, a ɗaure. Gefe da gefe igiyar ƙyalle da fil sun isa. Sakin da ake so shi ne in kin ɗora tafin hannu a tsakiya ya ɗan lotsa, kamar kyanwa ta kwanta ta tashi. Naɗin nan aikin mutum biyu ne, ke a wannan kai shi a wancan, saboda haka kin sama masa abin yi har bargon ya ƙare. Ku gyara naki tukuna, ki yi mako guda kina ɗinki a kai tsakani da Allah, sannan ya taɓa na maƙwabta.

Bayanki kuma ki kai shi a duba. Duk ranar da za a kai maigidan asibiti ki bi su, ba sauran abin da za ki tsaya yi a gida.

Ba zan ce miki ba zai ji zafi ba. Zai ji. Wataƙila ya yi kwana biyu ba ya kallon inda kike, wataƙila ma ya je ya zauna a bakin tagar. Kada ki firgita, kada ki bi shi da lallashi. Ki ajiye tsohon wandon da almakashi a kan firam ki kama harkokinki. Fushin mai sana'a da aka nuna wa gyara daban yake da shirun da kika sani, kuma za ki gane bambancin. Ranar da ya fito ya ce faɗin tafin hannun nan ya yi yawa, wace ce ma wannan Antin da ba ta san katako ba, kada ki kare ni. Ki ja kujera ki yi gardama da shi sosai, mijinki ne ya dawo.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sauƙaƙa miki bayan nan, ya sauki 'yarku lafiya.

Antinku