Kwatar Injiniya Bitrus

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa daga Suleja. Ya jikin, ya Anti Rakiya da yara?

Ina sanar da kai cikin alhini cewa kwatar layinmu ta toshe. Tun rasuwar maƙwabcinmu Injiniya Bitrus ba wanda ya taɓa ta. Ka tuna shi: mutumin da ya gina gadoji, amma kowace Asabar yana cikin kwata da shebur, 'ya'yansa na kwasa, kafin su tafi koyon waƙa a cocinsu na Lutheran.

Ranar addu'ar tunawa da shi, manya suka zo daga Abuja, suka tattare riguna, suka tsallake ƙazantar suna toshe hanci, suka shiga yabonsa. Washegari aka yi ruwa, kwatar ta juye cikin ɗakin matarsa, Maman Rahila. Takaici ya ishe ni, na tsaya bakin titi ina faɗa: “Wallahi layin nan babu mai ɗaukar shebur!”

Sai Maman Rahila ta fito, ta miƙo mini na marigayin. “Malam, ga shi, tunda bakinka ya riga ya fara aikin.”

Na yi kuskure, Yaya, ashe akwai mai ɗauka. A saka ciwon bayana cikin addu'a. Gai da kowa.

Ƙaninka,
Isa