Inuwar da Ta Rage a Idon Inna

Zuwa ga Yayana Abdulfatahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a bakin aikinka. Mu nan Kontagora alhamdulillahi, damina ta yi kyau, Kawu Modibbo ma ya zo daga Bobi ya ce shanu sun ƙoshi. Maganar idon Inna ce ta sa na ɗauki biro, domin ba zan iya faɗinta a waya tana zaune kusa da ni ba.

Ka san talabijin ɗin da ka bar mata, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa idan ana tafsiri. Tun bayan babbar salla ta soma nuna mutane bibbiyu. Mai karanta labarai yana zaune, ga wani dishi-dishi a damansa yana kwaikwayonsa. Inna ce ta fara ƙorafi, ta ce komai biyu take gani, mu kuwa muka ce ai mu ma haka ne. Na bubbuga akwatin, na sake waya, na ɗora wa masu wuta laifi kamar yadda kowa ya saba, duk a banza. Kullum ta ce biyu, mu amsa mata da biyu, har abin ya zama na raha a gidan.

Da na gaji sai na kira Matthew mai gyara, ɗan Tungan Magajiya, wanda shagonsa ke bakin kasuwa. Ya zo da wata ƙaramar talabijin tasa ya jona da eriyarmu, ita ma ta nuna inuwar, ya ce to ba ciwon akwati ba ne. Ya leƙa gidan maƙwabta ya tarar haka suke fama, kowa yana zaton tasa ce ta tsufa. Sai ya hau kan kwano yana juya eriya a hankali, ni ina ɗaki ina faɗa masa ta taga abin da nake gani. Da bakin eriyar ya fuskanci sabon benen da aka gina bayan layinmu, mai rufin kwano da ƙaton tankin ƙarfe, sai inuwar ta yi ƙarfi har ta kusa danne hoton. Ya sauko ya ce hoton yana iso mana ta hanya biyu ne, ɗaya kai tsaye daga tasha, ɗaya kuma sai ya bugi benen ya dawo a makare, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Ya ce da mota ce ko jirgi, da inuwar tana rawa tana wucewa, amma wannan a tsaye take cak tun da aka yi rufin. Ya cire sandar eriyar ya kafa ta bayan ɗakin girki inda katanga ta tare benen, ya sa eriya mai raga a bayanta. Hoto ya fito tangaran.

Yaya, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Muna ta murna bayan la'asar, na ce wa Inna ta duba malaminta ya koma mutum ɗaya. Ta ƙura ido, ta ce wane irin gyara ne wannan, ga su nan biyu kamar kullum. Na ɗauka zolaya ce. Na ɗaga ludayi a gabanta, ta ce biyu. Na tsaya ni kaina, ta ce Lauratu biyu. Ashe ba a talabijin kaɗai take gani ba, shi ya sa take zuba shayi a gefen kofi muna cewa tsufa. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, ta ce ai kullum tana faɗa, mu ne muke cewa mu ma haka muke gani.

Agatha maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ta sa ta rufe ido ɗaya, sai ta ga daidai. Ta gwada jininta ta ce ya hau ƙwarai, kuma irin wannan ba a kwana da shi, likita ya kamata ya gan ta da gaggawa. Inna ta kafe, wai ba mai taɓa mata ido. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ta ce ni yarinya ce. Ka san kai kaɗai ne ka isa ka ce ta tashi ta tashi. Don Allah ka nemi izini ka taho cikin makon nan, kada ka ce sai hutu. Jiya na ce mata zan kira ka, sai ta ce in ka zo ka tsaya mata a haske, tana so ta kalle ka sosai tun tana iyawa.

Ka gaishe mini da Aminatu, da su Nazifi da Zainab. Kawu Modibbo yana gaishe ka, ya ce yana nan ba zai koma Bobi ba sai ka iso. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Lauratu