Akwatin da Aka Buɗe a Rana

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Kogin Wudil ya cika, gero ya yi kyau a Achika. 'Yarmu Ladi ta fara tafiya, kullum ɗakinka take nufa.

Malam, an buɗe akwatin.

Ka tuna da ka dawo daga Amurka da ciwon nan, ka damƙa mini shi? Ka ce can akwai wani inji kamar zobe, yana fitar da hasken da ido ba ya gani. Ka ce ka haska shi a kan ƙarfe, ka kama sawunsa a farantan gilashi irin na ɗaukar hoto, su ne a cikin akwatin, ba ka kai ga wanke su ba ciwo ya kayar da kai. Ka ce haske ko na ashana ya taɓa su, aikin ya tafi. Wallahi ban gane ba, kai kawai nake gyaɗawa don ka ci gaba da magana. Daɗin muryarka nake ji, kunya ta hana ni faɗa.

Ranar rabon gado Baffanka ya aiko a fito da komai. Na ce ban da wannan. Aka ce gado ba a raba shi a duhu, dukiyar marainiya sai kowa ya gani da idonsa. Ina takaba, yaya zan fita cikin maza? Na tsaya bayan zana ina roƙo. Ina ji aka ɓalle makullin, rana tsaka, a ƙofar gida. Suka ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya suna neman hoto, suka ce ai babu komai a jiki.

Ba mugunta suka yi ba, shi ya fi ci mini rai. Wa zan riƙe a zuci? Abokan aikinka sun ce za su aiko a karɓa. Me zan ba su? Me zan ce wa Ladi ubanta ya je yi, har ya bar ni da cikinta?

Ranar da aka fita da kai ban ɗaga murya ba, na yi haƙuri yadda aka ce. Amma ranar da aka buɗe akwatin nan sai da maƙwabta suka shigo suka riƙe ni.

Ka yafe mini amanarka. Allah ya kai haske kabarinka.

Matarka,
Hajara