Sun Sake Yin Jirgin Damina, Kamila

Daga Guéma, Parakou, zuwa ga Kamila 'yar marigayi Alhaji Mahamadu, a Djougou.

Ya ke sanyin idona, farin watan da ke leƙowa ta tsakanin ganyen mangwaro, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, ya ke wadda sunanta ya fi sabuwar zuma zaƙi a bakina, ki karɓi sallamata da gaisuwar mai bege wanda ya rasa inda zai ajiye zuciyarsa. Ina fata kina lafiya, ke da Inna Hannatu da 'yarki Sauda.

Tun da na dawo daga garinku ban koma mutum guda ba. Jikina yana butik, shagona na kayan babur, tsakanin tayoyi da sarƙoƙi, 'yan zemijan masu haya da babur suna shiga suna fita, amma hankalina yana can kan bencin ƙofar shagonki. Jiya wani ya nemi fitilar gaba, na miƙa masa madubi. Kin faɗa mini magana ranar nan, harshena ya yi nauyi na kasa ba ki amsa. To, ga amsar, ki yi haƙuri da tsawonta.

Kin tuna tsakar gidanku na nan Guéma, ranakun Lahadi bayan la'asar? Alhaji, Allah ya jiƙansa, yakan sa a fito da tele da bidiyon da ya kawo daga Kwatano a ɗora kan tebur ƙarƙashin mangwaro, mu yaran unguwa mu baje a tabarma kamar 'yan tsaki. Kaset uku ne, kashi uku na fim guda. Sunansa na Faransanci ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa masa Jirgin Damina. Tsoho ne direban jirgin ƙasa, da jikarsa mai jan ɗankwali, suna ratsa daji suna neman wani gari da ba ya bayyana sai ana ruwa. Mu da muka girma a garin da layin dogo ya ƙare, ai gani muke in muka bi bayan tasha kaɗan za mu ci karo da su.

Faransancinmu bai wuce gaisuwa ba, ke ce 'yar lakwal, mai zuwa makarantar boko, a cikinmu, don haka ke kike fassara mana. Kikan zauna dab da tele, kitsonki ya karkace gefe guda, kina juya maganar tsohon zuwa Hausa har da tarinsa. Wa ya kalli fim a cikinmu? Su dai sauran ban sani ba. Ni rabin idona yana kan jirgi, rabi yana kan leɓen da ke ba jirgin murya.

Sai ranar da muka kai kashi na uku. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska tana kaɗo ɗanyun mangwaro. Jirgi ya doshi ƙofar garin ke nan aka ɗauke wuta, ruwa ya ɓarke, manya suka ruga da tele cikin ɗaki. Muka cunkushe a zaure, wasu har sun fara hawaye. Sai kika kife turmi kika hau, kika ce: "Ku yi shiru, ni na san ƙarshen." Kika ce mutanen garin su ne duk waɗanda jirgi ya taɓa tafiya ya bari a tasha, kuma tun ranar suke dafa abinci suna jira, ba wanda ya yi fushi. Ruwa yana dukan kwano, walƙiya tana haska gefen fuskarki, muryarki tana hawa tana sauka kamar ta kurciya a kan ƙirya. Kaset ɗin bai sake yin aiki ba bayan wannan rana, laima ta shige shi. Sai da na girma, a Yamai, na ga ainihin ƙarshen: faɗa ne da harbe-harbe da wuta. Wallahi naki ya fi, kuma naki nake riƙe da shi.

Daga nan rayuwa ta yi abin da ta saba. Alhaji ya rasu, Inna ta kwashe ku kuka koma wurin dangi a Djougou. Kika auri Muhammad Amin mai goro, mutumin kirki bisa shaidar kowa, Allah ya ba ku Sauda, sannan ya karɓi ran mijin naki. Ni ma na yi yawon neman abinci, na yi aure bai yi tsawon rai ba, muka rabu cikin mutunci, na dawo unguwarmu na buɗe butik. Ban ce kullum ina tuna ki ba, ƙarya ba ta dace da takarda irin wannan. Amma duk lokacin da hadari ya haɗo, akwai wani zaure da yake buɗewa a ƙirjina.

Sai ga abokinmu Lado ya jefo tallan sabon fim ɗin a gurup ɗin 'yan unguwa na waya: wai an sake yin Jirgin Damina, da sababbin 'yan wasa. Kin ga yadda gurup ya kama da wuta. Magidanta masu furfura a gemu suna musu kamar an taɓa musu gado. Lado ya ce sun mai da tsohon direban ya zama saurayi mai faɗin ƙirji, ba tari ba sanda. Ƙanwarsa Safiyatu ta ce in dai babu jan ɗankwali, su riƙe kayansu. Wani ya ce jirgin na kwamfuta ne, hayaƙinsa ma ba ya da nauyi. Wasu kuma suka ce a bari a gani, ƙila wannan karon a nuna garin sosai, titi-titi, ba a hango shi cikin hazo ba. Ni kuwa na yi ta maimaita tallan, ina tsoro ina ɗoki, kamar mai jiran baƙon da ya daɗe bai gani ba.

Cikin wannan hayaniya sai ga saƙon murya daga lambar da ban sani ba. "Ni kam ba zan kalla ba. Abin da ya yi kyau a yarinta, a bar shi can." Kamila, na sake kunna shi na kasa kunne. Muryar ta yi kauri kaɗan, ta natsu, amma taki ce. Ta yaya kunne ke ajiye abu shekara da shekaru ba tare da sanin mai shi ba?

Ranar kasuwarku na hau mota. Itatuwan kaju da kaɗanya suna wucewa ta taga, ni kuma ina ta shirya kalmomi masu kyau, duk suka watse da na hango ki. Kina zaune tsakanin turamen atamfa, shuɗi da ruwan goro da kore, kamar fure a tsakiyar lambu, tabarau a kan hancinki. Ba ki gane ni ba, gemu da tumbi sun ɓoye ni. Da na faɗi sunana kika rufe baki da mayafi kina dariya har tabarau ya zame. Muka yi hira har la'asar, na faɗa miki abin da ya kawo ni. Sai dariyar ta tafi. Kika ce: "Saifullahi, Kamilar da kake so 'yar kan turmi ce. Ni na binne miji, ina da 'ya, gwiwata tana ciwo in an yi sanyi. Kada ka zo ka ɓata abin da kake tunawa." Kika ƙara da cewa yayanki Ziyad yana so ku koma wurinsa a Lome bayan babbar Sallah, kuma kin kusa amsa masa.

Ga abin da na kasa faɗa. Gaskiya ne, yarinyar ce ta sa ni hawa mota. Amma ba ita ce ta hana ni barci tun da na dawo ba. Wadda ta hana ni ita ce matar da na gani ta tashi ta ba wata tsohuwa 'yar ƙauyen Pélébina kujerarta, ta yi ta warware mata turmi bayan turmi, tana yi mata Dandanci, yaren can garinku, cikin raha, alhali ta san yau kallo kawai ta zo yi. Ita ce wadda Sauda ta dawo daga lakwal da fushi, ta kalle ta sau ɗaya kawai, yarinya ta narke ta kwanta a cinyarta. Ita ce wadda ta ambaci marigayi mijinta a gabana ba tare da ta sunkuyar da kai ba, ta yi masa addu'a na ce amin. Wannan matar ban san ta a Guéma ba. A Djougou na gan ta, kuma ita nake roƙo. Yarinya ɗanyen mangwaro ce, kyanta a ido. Ke kuwa kin nuna a kan reshe, rana ta dake ki, ruwa ya dake ki, ƙamshinki ya cika hanya. Wane mai hankali ne zai ce a mayar masa da ɗanye?

Roƙona biyu ne, ya hasken safiyata. Na farko, an ce za a nuna sabon fim ɗin a wani zaure a unguwar Ladjifarani, nan Parakou, kafin Sallah. Ki zo, ke da Sauda da Inna, ku sauka gidan Gwaggo Hafsatou, ƙanwar mahaifinki, wadda kullum take tambayata labarinku. Ban yi miki alkawarin zai yi kyau ba. Ƙila Lado ya yi gaskiya, mu fito muna tsaki. Amma Sauda ba ta san tsohon fim ɗin ba, idonta sabo ne, ina so in ga fuskarta lokacin da jirgin zai shiga ruwa. In ta so shi, wa ya isa ya ce mata namu ya fi?

Na biyu ya fi nauyi. Kada ki amsa wa yaya Ziyad tukuna. Ki ba ni izini in turo magabatana su gaida Inna da baffanninki. In bayan haka zuciyarki ta ce Lome, ni da kaina zan zo in ɗora kayanki a mota, in yi miki addu'a, kuma ba za ki ji wata magana marar daɗi daga gare ni ba har abada.

Sai dai ki sani, na riga na faɗa wa Baffa Illiyasu, ƙanin mahaifina. Tsohon ya tashi ya ciro babbar rigarsa daga akwati ya kai wa mai guga. Yanzu tana rataye a ƙusa a ɗakinsa. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya biyo ta butik, ya tsaya a ƙofa ya ce: "Djougou ta yi magana?" In ce ba ta yi ba tukuna, Baffa. Ya gyaɗa kai ya wuce. Kalma ɗaya daga gare ki ta ishe mu, ni da shi.

Naki a yau, naki in furfura ta gama cin gemun, naki muddin Allah ya bar numfashi a ƙirjina,

Saifullahi.