Kazata ta haɗiye ƙarfen motarka

Ya'u,

Na jira ka har na gaji, bayana kamar zai tsinke. Na tafi Bulkachuwa gaisuwar rasuwa, sai jibi.

Kolawole bakanike ya zo ya buɗe injin, ya sa sababbin robobin bawul saboda hayaƙin nan. Yana cikin danne sifirin ɗin bawul na ƙarshe ina ba shi labarin yajin matar mai shayi. Ya ɗago kai ya ji ƙarashen, sai ɗan ƙarfen da ke riƙe sifirin ɗin ya yi tsalle. Bai fi ƙwayar masara ba. Kazata ta riga shi kaiwa.

Ya ce babu irinsa sai a shagon Chukwuemeka, shi kuma ya tafi garinsu Kirsimeti. Wai a yanka ta, kazar da ta fara ƙwai!

Na san gobe kana da lodin Giade, ka yi haƙuri. Kada ka tayar da motar, Kolawole ya ce bawul zai faɗa cikin injin.

Na kife kazar da kwando a bayan ɗakina, da faranti a ƙasa. Ka riƙa tona kashinta. Wuƙaƙen gidan kuma kada ka wahala wajen nema, suna cikin jakata.

Iya