Gwiwar Amma da Taron Geneva

Achuthetta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, sanyin Geneva bai kama maka ƙirji ba. Mu nan ruwa bai ɗauke ba tun kamawar Karkidakam, watan tsakiyar damina.

Mun ga hotonka a jarida, kana roƙon manyan duniya su shigar da Ayurveda, maganinmu na gargajiya, asibitocin gwamnati ko'ina. Madalla. To ga labarin gida: gwiwar Amma, mahaifiyarka, ta sake kumbura, man shafawarta kuma ya ƙare. Ka manta kowace damina kai kake dafa mata shi da saiwar kurunthotti? Na ce bari in gwada, ai na sha ganin yadda kake yi. Na aika wa Velli mai haƙo mana saiwa, ta zo hannu rabbana. Wai motar kamfani ta kwashe saiwar dajin kaf, za a kai ƙasashen waje. Har da yi mini dariya: "Chechi, yayata, ai maigidanki ne ya tallata mu!"

Yaushe za ka dawo?

Taka,
Bhanumathi

Achuthetta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar taro?

Amsarka ta iso. Wai in yi haƙuri, aikin na al'ummar duniya ne, an ƙara muku mako guda. Ita Amma a wace duniyar take?

Shekaranjiya na kira keke mai inji in kai ta asibitin gari, ko ƙwaya ce su ba ta ta samu barci. Ta riƙe ƙafar gado ta ƙi tashi. Ta ce: "Uwar vaidya, likitan gargajiya guda, a layin maganin Bature, ɗana yana can yana yabon namu? Ki bari in gurgunce, ba zan kunyata shi ba." Yanzu da rarrafe take zuwa bayan gida. Ni na gaji, kuma tsoro nake ji kada ƙafar ta sandare.

Da safen nan na kai mata kunun magani, na tarar ta yanke hotonka daga jaridar. Na zaci bango za ta liƙa shi. Ashe a gwiwa ta ɗaure shi da tsumma. Ta ce tun da hannun bai zo ba, ko fuskar ta taɓa.

Ka gaishe mini da duniya.

Matarka,
Bhanumathi