Gaisuwar Bakin Get

Challawa, Kano
3 ga Maris, 1981

Yaya Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Idrisu da yara da duk mutanen Gusau.

Albishirinki. An ɗora ni a kan sashen rini na masaƙarmu, gwajin wata uku. In na ci, na zama sufabaiza, da ofis da fanka, an ce har da Vespa. Tuni na ɗinka wanduna biyu a Sabon Gari.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kin san Baffa Isyaku ne maigadin babban get, kuma tun da na fara aiki kullum sai na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi. Da ina lebura ba wanda ya kula. Yanzu kuwa dokar kamfani ta ce maigadi ya miƙe ya sara wa manyan ma'aikata. Ranar farko ina tsugune, shi kuma ya rasa ko ya amsa ko ya sara, leburori suna ta dariya. Manaja ya kira ni ya ce wanda ke durƙusa wa maigadi ba zai iya tsawata wa kowa ba.

Shi ya sa nake bi ta get ɗin kaya da ke baya. Na ɗan lokaci ne, kuma ai ina zuwa gida in gaishe shi ranar Lahadi. Don Allah kada ki ɗauke shi da wata manufa.

Ƙaninki,
Uwaisu

Gusau
19 ga Maris, 1981

Ranka ya daɗe Sufabaiza,

Muna lafiya, mun yi murna ƙwarai, Allah ya sa alheri. Yara sun ce a ajiye musu wuri a bayan Vespa.

Ashe wandon Sabon Gari ba ya lanƙwasuwa? Da ka tambaye ni da na haɗa ka da telan da ke barin wuri a gwiwa. Ko wada aka durƙusa wa, an ce ba gajiyawa ba ne, balle mutumin da ya ɗauke mu ranar da Baba ya rasu. Wannan filin da masaƙarku take kai gonarsa ce kafin a zo da injuna. A nan yake saɓa ka a kafaɗa kana kukan ƙaya ta soke ka.

Kana tsammanin bai sani ba? 'Yarsa Atika ta rubuto mini cewa kullum sai ya tsaya yana duban hanya har a busa jiniya, sannan ya koma bencinsa. Yanzu wai zai ajiye aiki ƙarshen wata, gwiwa na damunsa. Baffan da yake zuwa Panshekara a ƙasa ya dawo?

Ba na son ka rasa matsayin nan, Allah ya sani. Amma raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa maka.

Yayarka,
Zuwaira

Challawa
27 ga Maris, 1981

Zuwa ga ɗana Uwaisu,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Ni ne Isyaku nake faɗa, abokin gadina Bitrus yake rubutawa, don a gida in ka zo bakina ba ya iya faɗa.

Na ji ana neman ba ka girma, na gode wa Allah. Tun kana ƙarami na san ba za ka tsaya inda muka tsaya ba. Ni zan bar gadi ranar Talata, na gaji haka nan.

Ka daina bi ta baya. Manyan motoci suna ja da baya a wurin ba sa duba mutum, ga ruwan rini yana ɓata takalmi. Ka shigo ta gaba kamar sauran manya. Gaisuwar safe na yafe maka ita duniya da lahira, kada ta dame ka.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanka,
Isyaku

Challawa
6 ga Afrilu, 1981

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga takardar Baffa na haɗo miki, ki karanta da kanki, ni na kasa maimaita ta.

Ranar Litinin da ta wuce na bi ta babban get. Na tuɓe takalmi na durƙusa a tsakiyar hanya. Baffa ya miƙe ya sara, ya ƙi sauke hannu, ni kuma na ƙi tashi. Motar Manaja ta zo ta tsaya a bayana tana hon. Na ce, "Baffa, kun tashi lafiya?" Sai can ya sauke hannun ya dafa kaina, ya ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Tashi, ka tare wa mutane hanya." Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Juma'a aka ba abokin aikina Lawal ofishin, ba a ma jira wata ukun sun cika ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, na koma bakin tukunyar rini. Ki ba yara haƙuri game da Vespa.

Baffa bai ajiye aikin ba. Ya ce wa Bitrus gwiwar ta yi sauƙi.

Ƙaninki,
Uwaisu